Faifan da bai san sunan waƙarsa ba

Direba ya taso daga tashar Funtua, zai bi ta Bakori ya faɗa Malumfashi. Ya zura faifan CD a rediyon mota, ɗan gilashin ya nuna "Track 01". Kalangu na tashi, duk wanda ke cikin motar ya gane Shata ne, dattawan ciki ma sun faɗi waƙar tun kafin a kai ga amshi. Na'urar da ke juya faifan ce kaɗai ba ta san abin da take kunnawa ba.

Haka aka ƙera faifan tun asali. Kamfanonin Philips da Sony suka tsara shi a 1980, ya shiga kasuwa a Japan a 1982. Ana karanta shi ne daga tsakiya zuwa baki, kuma a zagayen farko na ciki akwai ɗan jadawali mai faɗa wa na'ura waƙoƙi nawa ne, ba sa wuce 99, da minti da daƙiƙar da kowace ta fara. Lambobi ne zalla. Sunan mawaƙi da na waƙa an bar wa takardar kwali, kamar yadda aka saba a faifan garmaho da kaset.

Sai a 1996 aka fito da tsarin CD-Text don toshe wannan giɓi. A gefen sautin da ke kan faifai akwai wasu siraran layuka takwas da aka laƙaba wa haruffa daga P zuwa W. Biyun farko ne ke ɗauke da lissafin lokaci, sauran shida kusan a banza suke zaune. Cikinsu aka cusa rubutu: sunan faifai, sunan mai waƙa, sunan kowace waƙa, har cikin harsuna takwas idan ana so. Wurin bai fi kilobait 5 ba, amma ya isa. Matsalar ita ce sai wanda ya haɗa faifan ya rubuta sunayen, sai kuma rediyon ya iya karanta su, kuma rediyoyi masu araha da yawa ba su iya ba. Bahaushe kuma yana da ƙarin tasa matsalar. Jerin haruffan boko da tsarin ya amince da shi na harsunan Yammacin Turai ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Dole ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata, mai karatu ya cike sauran da ka.

To, ta yaya kwamfuta take kawo sunayen waƙoƙin Turawa da zarar an saka faifai? Daga intanet take ɗauko su. A 1993 wasu masana kwamfuta biyu a Amurka, Ti Kan da Steve Scherf, suka aza harsashin wani rumbu mai suna CDDB, wanda daga baya ya zama kamfanin Gracenote. Dabarar mai sauƙi ce: da wuya a sami faifai biyu da yawan waƙoƙinsu da tsawon kowace suka zo daidai, don haka jadawalin nan na lambobi ya zama kamar zanen yatsa. Mutum ɗaya ya zauna ya buga sunayen, duk mai irin faifan a duniya ya huta.

Wannan dabara ba ta yi wa faifan da aka haɗa a wani shago a Funtua amfanin komai ba, don shi ba a masana'anta aka buga shi dubbai iri ɗaya ba. Manomi ne ya sayar da auduga ko masara, ya tsaya wurin mai kwamfuta ya ce a haɗa masa Shata biyar, Ɗanƙwairo uku, a cike da Ɗan Maraya. Faifan da ya fito ba shi da ɗan'uwa a duniya, babu rumbun da ya san shi. Sunan yana bayan faifan, an rubuta da maka, galibi kalma ɗaya. Idan aka kwafi faifai sukutum, kuma manhajar tana kula da CD-Text, rubutun kan bi kwafin. Idan kuwa waƙa ɗaya-ɗaya aka tsinto, sunan ya zube a hanya.

Ga Shata lamarin ya fi haka zurfi. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya yi shekaru masu yawa yana zaune a Funtua, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999. Tarin waƙoƙinsa a gidajen rediyo, faya-fayan garmaho da kaset-kaset aka ɗauke su, wasu a tsakiyar taron biki. In ban da irin su Bakandamiya, akasarinsu jama'a ne suka raɗa musu suna da sunan wanda aka yi wa waƙar, ko da kalmomin amshi. Waƙa ɗaya kan amsa suna biyu tsakanin Funtua da Kano, kuma ko an ba mai shago gurbin rubutu, sai ya zaɓi wanne zai sa.

Zuwan MP3 ya mayar da sunan cikin fayil ɗin kansa. Tambarin ID3 na farko, wato gurbin rubutun da ke cikin fayil, shi ma na 1996, haruffa 30 kacal ya ware wa sunan waƙa. Na biyu, na 1998, ya faɗaɗa wurin, ya kuma buɗe ƙofa ga haruffa masu lanƙwasa. Masu tura waƙoƙi a memori sun gano amfanin gurbin da wuri, sai dai ba don mawaƙi ba: sau da yawa inda ya kamata a ga Shata, sunan shago ake gani da lambar waya. Waƙar da ta biyo ta WhatsApp kuwa takan sauka a waya da suna mai farawa da AUD, sai kwanan watan da aka turo ta, sai wata lamba. Mai wayar da ke son sanin wa aka yi wa waƙar yakan kai ta majalisar dattawa bayan la'asar, ya kunna musu.