Hotunan Tauraron Ɗan Adam da Saurin Intanet: Inda Ciniki Ya Haɗu da Binciken Muhalli

ABUJA: A unguwar Lugbe da ke kan hanyar filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ne hedkwatar Hukumar Bincike da Bunƙasa Harkokin Sararin Samaniya ta Ƙasa, watau NASRDA, take. An kafa wannan hukuma a shekarar 1999, kuma ita ce aka ɗora wa alhakin kula da taurarin ɗan Adam na Nijeriya masu ɗaukar hoton ƙasa, da karɓar hotunan da suke aikowa, da rarraba su ga masu bincike da hukumomin gwamnati. Sai dai hoton da aka karɓa a Abuja ba zai amfani mai bincike a Maiduguri ko mai inshora a Kano ba har sai ya isa hannunsa a kan lokaci, kuma a nan ne maganar intanet mai sauri ta shigo.

Batun ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ta bayyana cewa ambaliyar shekarar 2012 ta hallaka mutane 363, ta kuma raba fiye da mutane miliyan 2 da muhallansu, sa'an nan aka ƙiyasta asarar dukiya a kan Naira tiriliyan 2.6. A shekarar 2022 mutane sama da 600 ne suka rasu a wata ambaliyar, kuma ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin Maiduguri har da kasuwanni da rumbunan ajiye kaya. Duk wata hanya da za ta nuna inda ruwa ya nufa, ko inda ƙasa take zaizayewa, hanya ce ta kare jari.

Abin da hoton yake ɗauke da shi

Tauraron ɗan Adam mai duba ƙasa yana zagaya duniya ne a tsayin kilomita ɗaruruwa, yana auna hasken da ƙasa take mayarwa sama. Ana rarraba hoton zuwa ƙananan ɗigogi, kowane ɗigo yana wakiltar wani yanki na ƙasa. Idan aka ce hoto na mita 10 ne, ana nufin kowane ɗigo fili ne mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10. Gwargwadon ƙanƙantar ɗigon, gwargwadon yadda za a iya bambance gona da gona, ko gida da gida.

Bayan launukan da ido yake gani, na'urorin suna auna wani nau'in haske da idon ɗan Adam ba ya gani. Ganye mai lafiya yana mayar da wannan haske da ƙarfi, ganyen da ƙishirwa ko cuta ta kama kuwa yana mayar da kaɗan, shi kuma ruwa yana shanye shi kusan baki ɗaya. Da wannan bambanci ne masana suke gane gonar da fari ya fara taɓawa, da iyakar inda ambaliya ta kai, da dajin da aka sare.

Nijeriya ta shiga wannan fage a watan Satumba na shekarar 2003, lokacin da aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk a ƙasar Rasha. Kamfanin Surrey Satellite Technology na Ingila ne ya ƙera shi, yana ɗaukar hoto na mita 32 a faɗin kilomita 600 a tafiya guda, kuma yana cikin taurarin da suka ba da hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a shekarar 2005. Ya yi aiki har zuwa 2012. Ranar 17 ga Agusta, 2011, aka harba NigeriaSat-2 mai hoto na mita 2.5, tare da NigeriaSat-X mai hoto na mita 22, wanda injiniyoyin Nijeriya da aka horar a Ingila suka haɗa. Shekaru 7 ne wa'adin da aka tsara wa NigeriaSat-2, watau zuwa 2018, don haka maganar maye gurbinsa ta daɗe a gaban gwamnati. Har ila yau hukumar tana da Cibiyar Nazarin Hotunan Ƙasa Daga Nesa a Jos.

Hoto ya zama kyauta, kuɗin ya koma kan hanya

A da, kuɗin sayen hoto ne babban cikas. Shirin Landsat na Amurka, wanda ya fara a shekarar 1972, yana sayar da kowane hoto a kan ɗaruruwan daloli, kuma akan aiko da shi ne a faifai. A shekarar 2008 gwamnatin Amurka ta buɗe rumbun Landsat kyauta ga kowa. Tarayyar Turai ta bi sahu da shirinta na Copernicus, inda ta harba Sentinel-2 na farko a 2015 da na biyu a 2017. Waɗannan taurari suna ba da hoto na mita 10, kuma suna sake ziyartar kowane wuri bayan kwana 5.

Bisa ƙa'idar tattalin arziki, idan farashin kaya ya faɗi zuwa sifiri, sai nauyin ya koma kan kuɗin dakonsa. Abin da ya faru ke nan. Ana rarraba hotunan Sentinel-2 gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa tana rufe kimanin kilomita 100 tsawo da 100 faɗi, kuma nauyinta yana iya kusantar gigabait 1. A layin intanet mai saurin megabit 2 a daƙiƙa, sauke gigabait 1 yana cin fiye da sa'a guda. A layi mai megabit 25 yana cin minti 5 da 'yan daƙiƙoƙi. A layin wayar gilashi mai gigabit 1 kuwa, daƙiƙa 8 sun isa.

Girman Nijeriya ya kai murabba'in kilomita 923,768, watau ana bukatar gunduwa sama da 90 kafin a rufe ƙasar sau ɗaya. Tun da tauraron yana dawowa sau 73 a shekara, hotunan shekara guda za su doshi gigabait 6,700 idan aka ƙaddara kowace gunduwa a kan gigabait 1. Mai layin megabit 2 zai shafe kimanin wata 10 yana saukewa ba tare da wuta ta ɗauke ko layi ya tsinke ba, mai gigabit 1 kuwa zai kammala cikin kimanin sa'a 15. Binciken muhalli kuma ba ya yiwuwa da hoton rana ɗaya, domin sai an jera hotunan shekaru masu yawa kafin a ga canji. Ta haka ne aka tabbatar da cewa Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 zuwa tsakiyar shekarun 1980, kuma ta haka ne aka ga ya ɗan farfaɗo daga baya.

Hanyar da hoton yake bi

Galibin bayanan da ke shigowa Nijeriya daga ƙetare suna bi ne ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. SAT-3 ce tilo na tsawon shekaru, kafin MainOne da Glo-1 su iso a 2010, WACS da ACE a 2012, sai Equiano ta kamfanin Google da ta sauka a Legas a 2022. Kusan dukkansu a Legas suke sauka, saboda haka sai an ɗauko bayanan ta wayoyin gilashi na kan tudu zuwa Abuja da sauran biranen Arewa, kuma wannan ɓangare na tafiyar ne ya fi tsada. Kuɗin izinin haƙa hanya da jihohi suke karɓa yana cikin dalilan. Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da Naira 145 a kan kowace mita, amma ba dukkan jihohi ne suka bi wannan farashi nan take ba. Ga kuma yawan tsinkewar wayoyi a wajen aikin titi da hannun ɓarayi.

Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a lokaci guda a yankin gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya dagula harkokin bankuna da kamfanoni a Nijeriya na kwanaki. A cikin wannan shekara ce Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar gilashi, domin a kai jimillar zuwa kilomita 125,000. Kafin nan, Tsarin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin samar da megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara.

Dangane da masu bincike, an ƙaddamar da hanyar sadarwa ta jami'o'i, NgREN, a shekarar 2014 a ƙarƙashin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da ke Abuja, inda aka fara da haɗa jami'o'in tarayya 27 da tallafin Bankin Duniya. Manufar ita ce jami'o'i su haɗa kuɗi su sayi layi mai faɗi a farashin sari, su kuma riƙa musayar manyan bayanai a tsakaninsu ba tare da bayanan sun fita ƙasar waje sun dawo ba. Kamfanin Galaxy Backbone, wanda gwamnati ta kafa a 2006, shi ne yake haɗa ma'aikatu da hukumomin tarayya. A wuraren da waya ba ta kai ba, kamfanin Starlink ya fara ba da intanet ta tauraron ɗan Adam a Nijeriya a watan Janairu na 2023.

Akwai kuma wata dabara da ta rage nauyin dakon. Maimakon a sauke hotunan, ana barin su a manyan rumbunan kwamfuta, mai bincike ya aika da umarnin lissafi, a mayar masa da sakamakon kawai, wanda yakan zama taswira ko jadawali mara nauyi. Google Earth Engine yana aiki ta wannan hanya tun 2010, haka kuma shirin Digital Earth Africa da aka fara a 2019, wanda yake ajiye hotunan nahiyar a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. Dabarar ta rage bukatar faɗin layi, amma tana bukatar layin da ba ya yankewa.

Inda 'yan kasuwa suka shigo

Na farko shi ne noma da inshora. Banki ko kamfanin da ya ba manoma dubbai bashi ba zai iya aika ma'aikaci zuwa kowace gona ba, amma hoto yana nuna yankin da shuka ta yi kyau da wanda fari ya kama. A kan ma'aunin ruwan sama na tauraron ɗan Adam ne hukumar inshora ta Tarayyar Afirka, ARC, ta biya ƙasashen Nijar da Senegal da Muritaniya kimanin dala miliyan 26 a farkon shekarar 2015 saboda farin da ya gabata. Dillalan hatsi na kasuwar Dawanau ma suna da bukatar sanin yadda damina ta kaya a Maraɗi da Damagaram kafin su cika rumbu, kuma cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana fitar da irin waɗannan rahotanni.

Na biyu shi ne filaye da gine-gine. Tun da aka dawo da mazaunin gwamnati Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, birnin yake faɗaɗa zuwa Kubwa da Lugbe da Lokogoma da Karu, kuma wasu gidajen an gina su ne a kan hanyar ruwa. Jerin hotunan shekaru yana nuna inda rafi yake bi kafin a cike shi da ƙasa. Mai shirin sayen fili da ya duba wannan tarihi, ya kuma tantance takardunsa a ofishin AGIS, ya rage haɗarin ambaliya da na rusau.

Na uku shi ne kwangilolin gyaran ƙasa. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa ta Ƙasa, wadda doka ta kafa a 2015, tana aiki a jihohi 11 da ke fuskantar kwararowar hamada, daga Kebbi zuwa Borno. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya, da burin farfaɗo da hekta miliyan 1 na ƙasar da ta lalace. Masu ba da irin wannan kuɗi suna neman shaidar cewa itatuwan da aka dasa sun rayu, kuma hoton sama shaida ce da ke da wuyar murɗewa.

Na huɗu shi ne fitar da kaya waje. A shekarar 2023 Tarayyar Turai ta kafa doka da ta bukaci masu shigar da koko da roba da manja da waken suya da katako da wasu kayayyaki su nuna ainihin wurin da gonar take, su kuma tabbatar ba a sare daji domin ta ba bayan 31 ga Disamba, 2020. An jinkirta fara aiwatar da dokar, amma masu saye a Turai da hoton tauraron ɗan Adam za su duba gaskiyar abin da aka rubuta musu.

Iyakar abin da hoto zai iya

Gajimare yana rufe ƙasa a lokacin damina, daidai lokacin da aka fi bukatar hoton, hazo kuma yana dusashe shi a lokacin hunturu. Maganin gajimare shi ne taurari masu amfani da rada, irin su Sentinel-1 da aka fara harbawa a 2014, waɗanda suke gani dare da rana, sai dai fassara hotonsu tana bukatar ƙwarewa ta musamman. Bugu da ƙari, gonakin ƙasar Hausa ƙanana ne, kuma akan haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, don haka dole a tura mutane su auna wasu gonaki da ƙafa kafin a amince da abin da kwamfuta ta ce.

Saboda haka kamfanin da yake son cin moriyar wannan fage zai yi lissafin abubuwa uku: layin intanet mai ɗorewa tare da wani na ko-ta-kwana, wutar lantarki da ba ta yankewa, da albashin ƙwararren da ya iya karanta hoton. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna suna yaye ɗalibai a fannin nazarin ƙasa da taswira a kowace shekara, kuma hotunan Landsat da Sentinel kyauta suke ga duk wanda ya yi rajista.