Gidan Wasan Kwaikwayo Na Ƙasa: Mu Ma Muna Da Rabo A Cikinsa

Duk wanda ya saba shiga trotro daga Madina ko 37 zuwa tsakiyar Ankara ya san wani farin gini da ke tsaye a mahaɗar titin Independence da titin Liberia, kafin a ƙarasa Tema Station. Wasu sun ce kamar jirgin ruwa yake, wasu kuma sun ce tsuntsun teku ne ya buɗe fukafukai zai tashi. Wannan shi ne Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa, wanda aka fi sani da National Theatre. Da yawa daga cikinmu mutanen zango mun wuce shi sau ɗari ko fiye, amma in aka ce wanda ya taɓa sa ƙafa ciki ya ɗaga hannu, hannuwan da za su tashi ba su da yawa. Wasunmu suna ganin wurin 'yan boko ne da masu kuɗi, wasu kuma sun ɗauke shi gidan sharholiya. Saboda haka a wannan wata muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihin gidan, da abin da mutum zai tarar in ya je, tun da masu magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

KAFIN A YI GININ

Wasan kwaikwayo a ƙasar Gana ya girmi wannan gini nesa ba kusa ba. Tun wajejen 1918 wani malamin makaranta a Sekondi, wanda ake kira Ticha Yalley, ya fara wasannin ban dariya haɗe da waƙa da rawa, kuma daga nan ne abin da ake kira konsat ya samo asali. A shekarun 1930 Bob Johnson da abokansa suka ɗauki wasan suka shiga gari-gari da shi. A 1952 kuma E. K. Nyame ya kafa ƙungiyarsa ta Akan Trio, wadda ta haɗa wasan da kiɗan hailaif, ta kuma mai da shi cikin Tonanci yadda talaka zai ji ya gane. 'Yan konsat ba su da gida nasu na kansu. Yau suna wannan gari, gobe suna wancan, su yi wasa a farfajiyar wani gida ko a ɗakin silima, gari ya waye su ɗaure kaya su ƙara gaba.

Bayan samun mulkin kai a 1957, wata marubuciya 'yar Cape Coast mai suna Efua Sutherland ta tashi haiƙan don ganin an sami wasan kwaikwayo mai tushe a al'adun ƙasa. Ita ce ta kafa wani ɗan ƙaramin gidan wasa da ake kira Drama Studio, wanda Shugaba Kwame Nkrumah ya buɗe a 1961. An tsara shi kamar tsakar gida irin tamu ta Afirka, masu wasa a tsakiya, masu kallo kewaye da su, ba rufi sai sararin sama. Abin da ta dogara da shi kuwa shi ne tatsuniyoyin Ananse, wato gizo-gizo mai wayo na Tonawa. Duk ɗan zangon da kakarsa ta taɓa ce masa "ga ta nan, ga ta nanku" ya san wannan tauraro, domin shi ne Gizo mijin Ƙoƙi, suna kawai ya canza. Wasanta mai suna The Marriage of Anansewa, wanda aka buga a 1975, ɗalibai da yawa a ƙasar nan sun karanta shi a makaranta.

A filin da Drama Studio yake ne aka kafa ginin da muke magana a kansa. Da za a fara aiki sai aka rushe ƙaramin gidan, aka gina irinsa a Jami'ar Gana da ke Legon, inda yake ɗauke da sunan Efua Sutherland. Rushewar ba ta yi wa masu harkar wasa da yawa daɗi ba a lokacin. Ita kanta ta rasu a 1996, kuma filin wasan yara da ke tsallaken titi daura da gidan shi ma sunanta yake amsawa.

YADDA AKA GINA SHI

Farkon shekarun 1980 lokaci ne mai wuya ga masu wasa da makaɗa. Bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 an sa dokar hana fitar dare wadda ta kai har 1984, ga kuma fari da yunwar 1983. Wasan konsat kuwa sana'ar dare ce, don haka ƙungiyoyi da dama suka watse, makaɗa da yawa suka bar ƙasar. Da bidiyo ya shigo sai ɗakunan silima su ma suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Dattawanmu na Nima da Mamobi ba su manta da silimar Dunia ba, da irin cikar da ake yi a ƙofarta.

Cikin wannan hali ne gwamnatin PNDC ta Jerry Rawlings ta ƙulla yarjejeniya da ƙasar Sin a 1985 don gina gidan wasa na ƙasa. Masanan gine-gine na Sin, Cheng Taining da Ye Xianghan, su suka zana shi. An fara aiki a watan Maris na 1990, aka gama a watan Disamba na 1992, aka kuma buɗe shi ranar 30 ga watan, wato mako guda kafin ƙasar ta koma mulkin farar hula ranar 7 ga Janairu, 1993. Dokar PNDC mai lamba 259 ita ce ta kafa hukumar da ke kula da shi. Faɗin ginin ya kai murabba'in mita 11,896, babban zaurensa kuma yana ɗaukar mutum kusan 1,500 a zaune.

Akwai wani mutum da bai kamata a ba da wannan tarihi a tsallake sunansa ba, shi ne Dakta Mohammed Ben Abdallah, Musulmi haifaffen Kumasi a 1944. Marubucin wasan kwaikwayo ne, ya riƙe ma'aikatar ilimi da al'adu a zamanin PNDC, ya kuma shugabanci Hukumar Al'adu ta Ƙasa a lokacin da ake aikin ginin. A 1983 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar wasa ta Abibigromma a Legon. Wasanninsa cike suke da mutane masu irin sunayenmu da irin rayuwarmu. Akwai The Trial of Mallam Ilya, wanda ya yi magana a kan mulki da juyin mulki da alhakin da ke wuyan waɗanda suka yi wa masu mulki hidima. Akwai kuma Land of a Million Magicians, wanda ya ɗauko siffar unguwar da labarin ya faru daga Nima. Ke nan tun ranar da aka aza harsashin gidan nan akwai hannun wanda ya san zango ciki da waje.

WAƊANDA KE CIKIN GIDAN

Ƙungiyoyi uku na gwamnati ne ke zaune a gidan. Ta farko ita ce ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ƙasa, wadda ta tsiro daga Abibigromma. Ta biyu ita ce ƙungiyar raye-rayen gargajiya, wadda asalinta Farfesa J. H. Nketia da Mawere Opoku suka kafa a Legon a 1962. Tana yin raye-rayen kowane sashe na ƙasar, har da na arewa irin su Bamaya da Damba da Takai, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Ta uku ita ce ƙungiyar makaɗan ƙasa masu goge da bushe-bushe irin na Turawa, wadda aka kafa a 1959 ƙarƙashin Philip Gbeho, mutumin da ya tsara kiɗan taken ƙasar Gana.

Amma abin da ya sa talakawa suka san hanyar gidan shi ne wasan Key Soap Concert Party, wanda aka fara a tsakiyar shekarun 1990 da tallafin kamfanin sabulu, ana kuma nuna shi a talabijin na GTV. A nan ne su Bob Okala da Nkomode da Agya Koo suka yi suna. Masu sayar da kaya a Makola, da direbobi, da 'yan dako, duk sun cika kujerun da aka zaci na manyan mutane ne kaɗai. Dalili kuwa a fili yake, an yi musu magana da harshen da suke ji, a kan matsalolin da suka sani: kishiya, da bashi, da maigidan haya, da ɗan da ya tafi Turai ya manta da iyayensa. Daga 2008 kuma Uncle Ebo Whyte da kamfaninsa na Roverman suka sake jawo jama'a da sababbin wasanni a kai a kai, yawanci cikin Turanci.

IN ZA A JE

Zuwa gidan ba shi da wuya. Daga Tudu ko Makola ko Tema Station da ƙafa ma ana isa. Idan mutum ya matso kusa zai ga ƙasan ginin dutse ne mai duhu da aka goge, samansa kuma fari fat, ya lanƙwasa ya yi sama kamar filafilan jirgi. In an shiga, akwai faffaɗan zaure na tarbar baƙi inda ake baje kolin zane-zane da sassaƙa, daga nan a wuce babban ɗakin kallo mai hawa-hawa, yadda na baya ma yana ganin dandamali sosai. Ban da wannan akwai ƙaramin dandali na sararin sama da ake kira Folks Place, wanda ya fi kama da yadda muka saba taruwa a ƙofar gida.

Yawancin wasanni ranakun Asabar da Lahadi ake yi, sau da yawa kuma sau biyu a rana, ƙarfe huɗu na yamma da ƙarfe takwas na dare. Tun da a Ankara rana kan faɗi wajen ƙarfe shida duk shekara, mai son na yamma sai ya sallaci La'asar kafin ya shiga, ya kuma san cewa ana iya tashi dab da Magariba ko bayanta. Na ƙarfe takwas kuwa ya fi sauƙi, domin an riga an yi Isha'i. Kuɗin shiga ya danganta da wanda ya shirya wasan, kuma a yanzu ana iya sayen tikiti da kuɗin waya. Ba kullum ake wasa ba, domin ana ba da hayar zauren don bikin yaye ɗalibai da tarurruka da bukukuwan ba da kyaututtuka. Gini ne kuma da ya haura shekara talatin a kusa da iskar teku, yakan bukaci gyara. Saboda haka ya kyautu mutum ya bincika abin da ake yi a ranar kafin ya taso daga Ashaiman ko Kasoa.

Ga iyaye masu tsoron abin da 'ya'yansu za su gani, shawararmu ita ce a tambayi sunan wasan da abin da ya ƙunsa, kamar dai yadda ake tantance littafi kafin a ba yaro. Akwai wasannin da ba su dace da tarbiyyarmu ba, akwai kuma waɗanda aka shirya musamman don 'yan makaranta, har da littattafan da ake yi musu jarrabawa a kansu. Yaron da ya ga labari ana yin sa a gabansa ba ya manta shi kamar wanda ya haddace don jarrabawa.

INA HAUSA A DANDAMALIN?

Abin da ya fi damunmu shi ne wannan. Hausa tana cikin harsunan gida shida da Gidan Rediyon Gana ya daɗe yana watsa labarai da su, tare da Akan, Ga, Ewe, Nzema da Dagbani. Ita ce kuma ke haɗa Bagobiri da Bazabarme da Bakotokole da Bamoshe a kowane zango daga Ankara har Bawku. Amma a babban dandamalin ƙasa da wuya ka ji ta, in ma ka ji, sau da yawa a bakin mai gadi ne ko mai tsire, an sa shi don a yi dariya. Ba za mu ɗora wa kowa laifin wannan ba, domin wanda bai zo wurin rabo ba bai kamata ya yi ƙorafin kason da aka ba shi ba.

Ba kuwa gwanaye muka rasa ba. A makarantunmu na Islamiyya yara suna yin wasan kwaikwayo ranar walima da lokacin Mauludi, har iyaye su yi ta hawaye. Samarinmu suna shirya gajerun wasannin ban dariya da Hausar zango suna sawa a intanet, dubban mutane suna kallo. Matanmu kuma sun san 'yan wasan Kano ɗaya bayan ɗaya. Labaran da za a nuna ma ga su nan jibge: fataken goro da suka bi hanyar Salaga, da yadda Malam Bako ya kafa Sabon Zango, da tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama, da halin da iyalai suka shiga lokacin dokar korar baƙi ta 1969. In ba mu muka ba da waɗannan labarai ba, wani zai ba da su yadda ya ga dama, ko kuma su bi dattawanmu kabari.

Don haka muna kira ga sarakunan zango, da ƙungiyoyin matasa, da malaman makarantu, da attajiranmu, su fara da abu mai sauƙi. Kowace makaranta ta ɗauki aji guda ta kai su kallo sau ɗaya a shekara. Ƙungiyoyin Nima da Sabon Zango da Fadama da Madina su haɗa kai su shirya wasa guda mai kyau da Hausa, su nemi ƙaramin dandalin tukuna kafin babban zaure, a sa shi cikin makon Sallah lokacin da kowa ke neman inda zai kai iyali. Kuɗin da muke kashewa a ankon biki ɗaya zai rage hanya mai yawa. Gidan na ƙasa ne, da harajin kowa ake biyan ma'aikatansa, har da na mai sayar da waken da ke bakin titin Nima.

Allah Ya ba mu ikon riƙe harshenmu da tarihinmu, Ya kuma shirya mana zuriya. Amin.