Kunun Kanwa da Zuciyar Maijego

A Waca da ƙauyukan kewaye, har zuwa Magarya da Dungas, da zarar mace ta sauka, kafin ranar suna an riga an jiƙa kanwa. Safe kunun kanwa, yamma kunun kanwa, ga wankan jego da tafasasshen ruwa har a yi arba'in. In ƙafafunta suka kumbura, sai tsofaffi su ce jego ne ya karɓe ta. In ta fara haki, a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara itace, a ƙara kanwa. Haba jama'a!

Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan masu jego da ake kawowa zuciyarsu ta gaza. Kanwa ƙanwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Zuciyar da ta yi wata tara tana ciyar da rai biyu, ga zafin wanka, ga ruwan da ya taru, ina za ta iya? Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jini su ma suna da hannu. To, ga mai rauni, kanwar nan ƙarin kaya ce a kan jakin da ya durƙusa.

Gidauniyar Lafiyar Zuciya ta Najeriya, wadda aka kafa a 1992, ta daɗe tana kiran a rage gishiri, musamman kowace 29 ga Satumba, Ranar Zuciya ta Duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi. Mu kuwa gishiri a miya, dunƙule uku a kai, sannan kanwa a kunu.

Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, ku rage. Kunun gero da nono ya ishi maijego, a haɗa mata da wake da ganye da ɗan nama in da hali. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi, ba mai saɓule fata ba. A auna jininta lokacin awon ciki da bayan haihuwa. In ya kai 140 bisa 90, magana ta koma hannun likita.

Kai kuma maigida, kuɗin rago ba su gagare ka ba. In ka ga matarka tana haki, tana tarin dare, ba ta iya barci sai a jingine, ko da wata biyar bayan haihuwa ne, kai ta asibiti a ranar. In sun tura ku Magarya ko babban asibitin Damagaram, ku tafi, kada ku tsaya sayen ƙwayoyi a hannun masu talla a kasuwa.