Ko Kun Sani?

Daga cikin jihohi 50 na ƙasar Amurka, a 43 talakawa ne da kansu ke jefa ƙuri'a su zaɓi Antoni Janar, wato babban lauyan jiha, wanda alhakin kare haƙƙin al'umma a gaban shari'a ya rataya a wuyansa, hikimar kuwa ita ce kada ya zama ɗan amshin shatan gwamna. A jihohi 5 gwamna ke naɗa shi, a Maine majalisar dokoki ke zaɓensa, alhali a Tennessee alƙalan kotun ƙoli ta jihar ne ke ɗora masa wannan amana, ya riƙe ta har shekara 8.