Zoben Ƙarfen Da Ke Haɗa Tsohon Gilashi Da Sabuwar Kyamara

Garin Jos ya daɗe da zama matattarar masu aikin hoto da fim a ƙasar nan. A nan hedkwatar Hukumar Finafinai ta Nijeriya take, wadda aka kafa cikin shekarar 1979, a nan ne kuma Kwalejin Talabijin ta NTA da Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa suke yaye ɗalibai. To, amma duk wanda ya gama karatu ya fito neman na kansa, abin da yakan fara cin karo da shi shi ne tsadar kayan aiki. Kyamara dai da kuɗin ƙasashen waje ake sayo ta, gilashin da ake ɗaura mata a gaba kuwa, wanda masu sana'ar ke ce wa lens, wani sa'in yakan fi ita kanta tsada.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, kowane kamfani da irin bakin da yake yi wa kyamararsa, don kada gilashin wani ya zauna a kai. Kamfanin Nikon ya fito da bakin da ake kira F tun 1959. Shi kuwa Canon, a 1987 ya bar bakinsa na FD ya koma EF, sai aka wayi gari tsofaffin gilasansa ba sa hawa kan sababbin kyamarorinsa masu bakin EF.

Maganin wannan shi ne wani ɗan zoben ƙarfe da ake kira adafta. Gefe ɗaya yana kama gilashi, ɗayan kuma yana shiga bakin kyamara. Amma fa ba kama baki ne kaɗai aikinsa ba, babban aikinsa shi ne cike tazara. Kowane gilashi an ƙera shi ne don ya tsaya a wani nisa na musamman daga farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, wato sensa. Na Nikon F milimita 46.5 ne, na Canon EF 44, na FD kuma 42.

Ga ƙa'idar da ya kamata mai saye ya riƙe. In tazarar gilashi ta fi ta kyamara, zobe zai cike gurbin, aiki ya yi kyau. Shi ya sa gilashin Nikon F yake zama a kan Canon EF da zobe mai kaurin milimita 2.5 kacal. In kuwa aka juya, babu gurbin da za a cike, gilashin zai yi nisa da sensa. Mai irin wannan haɗi zai iya ɗaukar fuskar mutum a kusa, amma in ya juya kyamararsa wajen Duwatsun Shere, sai ya ga dishi-dishi, kome murɗawar da ya yi.

Sa'ar da aka yi ita ce zuwan kyamarori marasa madubi a ciki. Da aka cire madubin, sai tazara ta ragu ƙwarai: bakin Sony E na 2010 milimita 18 ne, Canon RF 20, Nikon Z kuma 16, su biyun a 2018 suka fito. Saboda haka kusan kowane tsohon gilashi yana iya hawa kansu. Har gilashin Helios na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, mai bakin murɗawa na M42, wanda a dā ke kan kyamarar Zenit, masu fim sun koma nemansa saboda irin taushin hotonsa. Gaskiyar Bahaushe, da tsohuwar zuma ake magani.

Duk da haka, akwai abin da akan rasa. Zobe na ƙarfe zalla ba ya isar da saƙon lantarki, don haka da hannu ake saita hoto, da hannu ake buɗe ƙofar haske. Gilashin Canon EF kuwa ba shi da abin murɗa ƙofar haske a jikinsa, tilas a nemi adafta mai lantarki, wadda ta fi tsada. Haka kuma in sensa ƙarama ce, fagen da gilashi ke gani yakan tsuke: gilashi mai lamba 50 a kan ƙaramar sensa ta Sony yakan nuna abin da mai lamba 75 zai nuna a kan babba. Wanda ya shiga ɗakin amarya da shi, zai rasa inda zai ja da baya.

Sai kuma a yi hattara da araha, don ba ta ado. Zoben da bai zauna daram ba yakan sa gefen hoto ɗaya ya fito tar, ɗayan ya dushe, gilashi mai nauyi kuma yana iya lanƙwasa bakin kyamara in ba a tallafe shi ba. Tsohon gilashin ma a haska shi da tocila kafin a biya, domin laimar daminar Filato takan sa fumfuna ya yi saƙa a ciki. A lokacin hunturu kuwa, kada a sauya gilashi a fili, ƙura ta shiga sensa.

Shawara ta ƙarshe ita ce a je wurin ciniki da kyamara a hannu, a ɗaura, a ɗauki abu na kusa da na nesa, a duba tsakiya da gefuna. Fim dai ana iya sake ɗaukarsa, amma ɗaurin aure sau ɗaya ake yi, mai hoton da ya ɓata shi kuwa ba a sake kiransa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.