SABON MAGANIN SANKARAR JINI: BAYANI GA JAMA'A

Mutanen Mazanya da na Jibiya ba sa bukatar a gaya musu aikin masu tsaron kan iyaka. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Maradi ya ga yadda ake tsayar da matafiyi, a duba takardunsa, a bar na gari ya wuce, a tsare wanda ake tuhuma. To, Allah ya sanya irin waɗannan masu tsaro a cikin jinin ɗan Adam. Su ne fararen ƙwayoyin jini, kuma cikinsu akwai wani rukuni da likitoci ke kira ƙwayoyin T.

Abin da ya sa sankara, watau ciwon daji, ke da wuyar sha'ani shi ne, ba baƙuwa ba ce. Daga jikin mutum take tasowa, tana riƙe da takardun 'yan gida, sai masu tsaro su bar ta ta wuce.

Dabarar da masana suka gano ana kiranta CAR-T. Ana ɗibar jinin majiyyaci, a tace ƙwayoyin T, a kai su ɗakin bincike. A can sai a dasa musu wani sabon umarni a cikin halittarsu, wanda zai sa su gane wata alama da ke jikin ƙwayoyin sankarar. Sa'an nan a rene su har su kai miliyoyi, a mayar wa mai su ta jijiya. Aikin yakan ɗauki makonni.

A shekarar 2012 aka yi wa wata yarinya 'yar shekara 6 wannan magani a birnin Filadelfiya ta Amurka, bayan sauran magunguna sun gaza, ta kuwa warke. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa na farko, mai suna Kymriah, a 2017. Kuɗinsa a lokacin dala 475,000 ne, ban da kuɗin jinya. Indiya ta amince da nata a 2023, wanda ya fi wannan araha nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wasu cututtuka da masu tsaron da kansu ke juyawa su far wa 'yan gida, kamar cutar lufus. A 2021 likitocin Erlangen ta ƙasar Jamus suka gwada wannan dabara a kan mai lufus, aka sami sauƙi ƙwarai. Har yanzu dai gwaji ake yi.

Kada kowa ya zaci abin wasa ne. Maganin yakan jawo zazzaɓi mai tsanani da ruɗewar hankali, sai a babban asibiti ake iya yinsa. Galibi a kan sankarar jini yake aiki, bai kai ga ta mama ko ta hanta ba tukuna. Saboda haka duk mai tallar da ya zo kasuwa da kwalba, ya ce ga irinsa, ƙarya yake yi.

Abin da ya fi shafarmu a nan shi ne wata sankara ta yara, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Tana kumbura muƙamuƙi ko ciki, tana girma da sauri cikin 'yan makonni, kuma ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Wannan ba ta jiran sabon magani, allurai na asibiti suna warkar da yara da yawa idan an zo da wuri. In an ga irin wannan kumburi, kada a tsaya sakiya ko shafe-shafe. A kai yaron asibitin Jibiya, in ya fi ƙarfinsu su tura shi Katsina ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya.