Darasin Ƙwayoyin Cuta: Daga Allo Zuwa Bakin Rijiya

Tambayi ɗalibin aji biyar na sakandare abin da ke kawo maleriya, nan take zai ce maka Plasmodium, domin haka aka rubuta a allo, haka kuma zai amsa a jarabawar WAEC. Amma bi shi gida da yamma, za ka ji yana gargaɗin ƙaninsa ya daina cin ɗanyen mangwaro kada zazzaɓi ya kama shi. Karatun aji bai bi shi gida ba, kuma wannan ne abin da ya fi damuna game da yadda muke koyar da cututtuka masu yaɗuwa.

A ganina daga sunayenmu ya kamata malamin bayoloji ya faro. Ɗauki shan inna. Sunan kansa bayani ne: iyayenmu sun ga yaro ya kwana lafiya ya tashi ƙafa ta shanye, suka ce Inna ce ta taɓa shi. Malamin da ya yi wa wannan dariya ya rasa ajinsa, don kakar yaro ya raina. Gara ya tambaya: in aljana ce, yaya aka yi ɗigon rigakafi a baki ya kore ta, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar? Daga nan sai ya bi da su hanyar da take bi, daga bayan gida zuwa ruwa ko hannu, zuwa baki.

Akwai kuma matsalar kalma. Da Hausa duk "ƙwayar cuta" muke cewa, alhali ba jinsi ɗaya ba ne. Kwalara da taifot da tarin fuka aikin bakteriya ne. Ƙyanda da mura da zazzaɓin Lassa na bairos ne. Maleriya da tsargiya kuwa aikin wasu halittu ne da ke rayuwa a jikin mutum suna ci daga gare shi. Ɗalibin da ya gane bambancin ba zai je kemis ya sayi kafso don mura ba, saboda ya san maganin bakteriya ba ya taɓa bairos.

Darasin da na fi so shi ne labarin likita John Snow. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum sama da 600. A lokacin yawancin likitoci sun yarda cewa wari ne ke kawo ta. Snow bai ga ƙwayar da idonsa ba. Sai bayan kusan shekara 30 Robert Koch ya tabbatar da ita. Abin da Snow ya yi shi ne bin gida-gida yana tambayar waɗanda aka yi wa rasuwa inda suke ɗiban ruwa. Sai ga mace-macen sun taru kewaye da famfo ɗaya a titin Broad. Wani gidan gajiyayyu da ke nan kusa, mai rijiyarsa ta kansa, kusan duk mazaunansa sun tsira. Hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya aka gano ramin masai dab da rijiyar famfon.

Wace makaranta ce ba za ta iya wannan ba? Takarda da fensir kawai ake buƙata. A tura ɗalibai su zana unguwarsu: ina rijiya, ina masai, taku nawa ne tsakaninsu, ina kwata ke bi idan damina ta sauka, a ina mai garuwa ke cika jarkokinsa.

Malamai kan yi kukan rashin madubin likita, kuma suna da gaskiya. Sai dai tsutsar sauro ba ta buƙatarsa. A ɗebo ruwa daga tsohuwar taya, a zuba a kwalba, a ɗaure bakinta da ƙyallen gidan sauro, a ajiye a aji nesa da rana. Cikin mako guda ko kwana goma ɗalibai za su ga sauro ya fito yana neman hanyar tashi. A ranar ce za a ba su labarin Ronald Ross, wanda a 1897 a Indiya ya feɗe cikin sauro ya tarar da ƙwayar maleriya, sannan a tambaye su tayoyi da gwangwanaye nawa suka bari a bayan ɗakinsu.